Kawu Bai Ƙona Injin Nan Ba

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu tafiya wata Laraba da hantsi, a gidansa na gona da ke bayan Malumfashi, bayan 'yar gajeriyar jinya. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Kafin la'asar kuwa na ji abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni da rabona da dogon rubutu tun zamanin da nake buga tafireta.

Ina zaune a bakin ƙofar da ta haɗa zaure da tsakar gida ina karɓar gaisuwar mata, don haka duk abin da maza ke faɗa yana shiga kunnena. Da farko abin da aka saba ne: ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai kawaici. Sai wani tsoho da suka yi aiki tare a Funtua ya yi gyaran murya ya ce, "Allah sarki, Malam Ƙona-Inji! Kun tuna shekarar da ya kwaso wa kamfani cuta daga Zariya?" Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a gidan mutuwa ana rufe baki da hannun riga. Wani ya ce ai kwamfutar har hayaƙi ta yi. Wani ya ce shi ya ji har silin sai da ya kama. Ƙasar kabarinsa ko shan iska ba ta yi ba, ana ta ƙara wa labari gishiri.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Tsohon abokin darar Kawu ne, wani Ibo mai shagon kayan wuta a Funtua, wanda ɗansa ya riƙo masa hannu tun daga can. Ya miƙe da ƙyar, ya karkaɗe wandonsa, ya koma gindin ɗorawa ya zauna shi kaɗai.

Can sai ga mota daga Funtua. Alhaji ne, mijin Yaya, ita ce 'yar farin Kawu. Aka matsa masa wuri a kan darduma, aka yi addu'a, aka shafa. Sai ya sauke murya yadda manya ke yi idan suna so kowa ya ji, ya ce, "Abin da ya faru tsakaninmu a wurin aiki, ni dai tuni na yafe masa. Duniya da lahira."

"Allah ya saka da alheri, Alhaji," in ji jama'a. "Suruki na gari ke nan."

Ya yafe masa! Na ga rashin kunya iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa ganin wanda ya taka ka ya dawo yana cewa ya yafe maka ƙurar da ta taɓa takalminsa ba sai ranar. Kawu ya taɓa sa ni na yi rantsuwa ba zan buɗe baki a kan maganar nan ba muddin yana numfashi. Na riƙe alkawari har furfura ta cika mini kai. Yanzu ya daina numfashi, saboda haka duk wanda ya yi dariya a zauren nan ya gyara zama ya saurara.

Wanda ya san Kawu a shekarun saba'in ya san shi a kasuwar auduga. Malamin tantance auduga ne na wani kamfani mai saye da rarraba iri, wanda ba zan kama sunansa ba, ya ma daɗe da rushewa. Idan manomi ya kwance ƙullinsa, Kawu zai naɗe hannun riga ya cusa hannu har kafaɗa. Duk wanda ya yayyafa ruwa don ta yi nauyi, ko ya binne tsakuwa a tsakiya, ya san ya gamu da gamonsa. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Sai ya zaro tsakuwar ya ɗora wa mutum a tafin hannu ya ce, "Riƙe kayanka, ba mu fara sayen wannan ba tukuna." Ƙanen mahaifinsa ma ya taɓa yi wa haka, suka yi damina guda ba sa gaisawa.

Yana da wata ɗabi'a da muke yi masa tsiya a kanta. Kullum akwai gwangwanin farin fenti da ɗan buroshi a ɗakinsa, kuma duk abin da ya ga dama sai ya yi masa rubutu. A jikin rumbu, "Kada a buɗe sai da izini." A kan kujerar babur ɗinsa, "Kada a zauna." Har butar alwalarsa ba ta tsira ba. Inna, matarsa, takan ce saura ita, wata rana za ta farka ta ga an rubuta mata "Kada a taɓa" a goshi. Rubutunsa kuwa ko a duhu ka gan shi ka gane, don yakan ja wa harafin K wata doguwar ƙafa kamar ta zalɓe.

Ba mutum ne mai sauƙi ba, kada ta'aziyya ta sa in yi ƙarya. Yana da taurin kai, kuma magana a bakinsa tsada gare ta. Amma lokacin da mijina ya rasu a haɗarin mota, ina da ƙuruciya da goyo, dangin miji suna ta shawarar wanda za a ba ni, Kawu ne ya zo da babur ɗinsa bayan na fita takaba. Bai yi shawara da kowa ba. Ya ce in hau, a kan kujerar nan mai "Kada a zauna", ya kai ni makarantar koyon tafireta a Funtua. Da aka yi masa ƙorafi, cewa ya yi, "Yatsun da suka iya tsinkar auduga ba su gagari tafireta ba." Da na gama, ya samar mini aiki a kamfaninsu. Duk tuwon da 'ya'yana suka ci daga nan ya fito.

Haka kuma ya yi wa wani saurayi da ke tsaye a bakin sikeli yana kiran nauyi. Yaro ne mai kaifin kai da zaƙin baki. Kawu ya jawo shi ofis, ya koya masa aiki tun daga riƙon biro. Saurayin ya ga Yaya, ita ma ta gan shi, aka yi aure da son juna. Shi kuwa mai zaƙin baki ba ya daɗewa a ƙasa. Kafin a ankara ya tsallake Kawu, ya tsallake kowa, ya zama manajan reshe. Shi ne wannan Alhajin mai yafiya.

Daga nan aiki ya zama abin kallo a ofishinmu. Kawu mutumin zamanin da ne wajen kunya. Sunan Yaya bai taɓa fita daga bakinsa ba, sai dai "yarinyar nan", balle sunan mijinta. Ba ya cin abinci a gabansa, ba ya haɗa ido da shi, idan ya hango shi a baranda sai ya tuna yana da aiki a sito. To ga suruki ya zama shugaba, ofisoshinsu bango ɗaya ya raba. Ni ce na zama gada. Kawu zai leƙo ya ce, "Ki gaya wa mai ofishin can irin da aka kawo bai bushe ba." In zagaya in faɗa. Manaja ya ce, "Ki gaya wa Baba an ji." In zagayo in faɗa. Kowannensu yana jin muryar ɗan'uwansa ta bango, amma sai na kai saƙo. A lokacin dariya abin yake ba ni.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin kamfani ya sayo kwamfuta. Yaran yanzu ba za su gane ba, su da ke yawo da ita a aljihu. A lokacin mutane daga Dandume suke zuwa su leƙa ta taga. Ɗaki guda aka ware mata, da iyakwandishan, ana cire takalmi a ƙofa kamar masallaci. Da aka ce a tura mutum Kaduna ya koyo aikinta, samari suka noƙe, kowa na tsoron kada ya taɓa ta lalace a hannunsa. Kawu, da furfurarsa, ya ce shi zai je. Ya dawo da littattafai da wani farin ciki da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya zuba sunayen manoma ƙauye-ƙauye a ciki, da irin da kowa ya karɓa. Idan ya tashi aiki sai ya lulluɓe ta da farin ƙyalle. Inna ta ce ko ranar aurensu bai kalle ta yadda yake kallon injin nan ba.

Wutarmu kuwa kowa ya san halinta, yanzu ta yi ƙasa kamar aci-balbal, anjima ta zo da haukanta, janaretan kamfani ma bai fi ta hankali ba. Shi ya sa Kawu ya matsa aka sayo sitabilaiza a shagon abokin darar nan nasa. Wani akwatin ƙarfe ne mai nauyi, ruwan toka, wanda wuta ke bi ta cikinsa ta daidaita kafin ta isa injin. Ya ajiye shi a ƙarƙashin tebur, ya ɗauko gwangwaninsa ya rubuta a jiki da manyan baƙaƙe: "Kada a cire."

Cutar gaskiya ce, ba na musu. Kawu ya je Zariya ya karɓo wani faifai wurin wani abokinsa malami, mai ɗauke da tsarin lissafin da zai sauƙaƙa mana aiki. Bayan 'yan kwanaki sai ga wani ɗan farin ɗigo a fuskar kwamfuta, bai fi ƙwayar dawa ba, yana tsalle daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana ratsa rubutu. Ofis ya watse, kowa ya zo kallo. Masinja ya ce aljani ne. Mai gadi ya ce a kira malami ya yi tofi. Kawu ya kore su, ya ce cutar kwamfuta ce, bairos ake kiranta, kuma a faifan da ya kawo ta biyo.

Na tambaye shi, "Kawu, za ta kashe injin ne?"

Ya ce, "Kin taɓa ganin gara ta shiga akwatin ƙarfe?"

"Na gani."

"Me ta ci?"

"Tufafi da takardu."

"Akwatin fa?"

"Yana nan."

"To haka wannan take. Ita kanta rubutu ce, wani ɗan banza ne ya zauna ya rubuta ta. Rubutu take bi, rubutu take ɓatawa. Ba ta da haƙoran cin waya. Gara ba ta cin ƙarfe."

Ya nuna mini faya-fayai masu tsabta da ya kulle a kabad, ya ce zai share komai ya sake zubawa, aikin yini biyu ne. Sai dai a makon ne Yaya ta haihu. Ta daɗe ba ta samu ba, har an fara 'yan maganganu, sai ga ɗa namiji. Manaja ya ce za a yi sunan da Funtua ba ta taɓa gani ba, kuma sunan Kawu za a sa wa yaron. Kawu ya ji haka, kunya ta kama shi, ya ɗauki hutu ya gudu gona don kada a yi ta yi masa barka a ido. Kafin ya tafi ya ce mini, "Ki gaya wa mai ofishin can kada a kunna injin nan sai na dawo." Na zagaya na faɗa. Aka ce an ji.

Ana gobe suna, da yamma, na ga direban Manaja ya fito daga ɗakin kwamfuta rungume da akwatin nan mai ruwan toka. Na ce ina zuwa? Ya ce Manaja ya sayi sabon firji don baƙi, an ce masa wuta za ta iya ƙona shi, aro ne na kwana biyu.

Washegari da hantsi, bayan an raɗa suna, Manaja ya shigo ofis da abokansa, manyan riguna sai ƙamshi suke. Ya ba su labarin ɗigon da ke rawa, suna so su gani da idonsu. Na tashi na ce, "Manaja, Kawu ya ce kada a kunna."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ni ne manaja ko kawunki?"

Babu wuta a lokacin, sai ya aika a tada janareta. Da hannunsa ya cusa wayar injin kai tsaye a bango. Ɗigon ya fito, baƙi suka yi ta tafi suna salati. Sai janareta ya yi wata ƙara ya ja numfashi, fitilun silin suka yi fari fat, muka ji fas! Wari ya cika ɗakin, wani siririn hayaƙi ya fito ta bayan injin. Ɗaya daga cikin baƙin ya ja da baya yana cewa, "La ilaha illallahu, cutar ta cinye shi!" Na ga lokacin da maganar nan ta shiga kunnen Manaja, na ga yadda fuskarsa ta saki. Kafin azahar duk garin ya ɗauka. Baƙin ba ƙarya suka yi ba, abin da suka gani suka faɗa: ɗigo ya yi rawa, inji ya yi hayaƙi. Mutum ɗaya ne a cikinsu ya san abin da babu a ƙarƙashin tebur.

Da la'asar na je yinin suna. Mata sun cika gida, ana ta raba lemo mai sanyi ana yaba sabon firji. Na sunkuya zan ɗauki kwalba, sai ga K mai doguwar ƙafa tana kallona daga ƙasa. Na mayar da kwalbar na fita.

Da Kawu ya dawo, ya shiga ɗakin shi kaɗai, ni ina bakin ƙofa. Ya shinshina bayan injin. Ya bi wayar da ido har bango. Sannan ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tebur, inda ƙurar auduga ta zagaye wani fili mai kusurwa huɗu, tsaf da shi. Ya daɗe a durƙushe. Da ya tashi, sai ya ɗauki farin ƙyallen ya lulluɓe injin.

Mai kamfani ya zo da kansa daga Kaduna. Aka zauna a ofishin Manaja, Manaja a damansa, ni a gefe don in ɗauki bayani. Wannan ne karo na farko da na ga Kawu da surukinsa a ɗaki ɗaya ƙofa a rufe. Mai kamfani mutum ne mai son gaskiya, zan ba shi wannan. Ya ce, "Malam, kai muka tura ka karanto abin nan. Tambaya ɗaya zan yi maka. Cutar nan tana iya ƙona inji, ko ba ta iyawa?"

Kawu ya kafa ido a kan siminti ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na kawo faifan."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

"Ni na kawo faifan, ranka ya daɗe."

Na dubi Manaja. Yana ta juya zoben hannunsa. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa, ko da cewa ya yi a ƙara bincike. Bai yi ba. Na kasa daurewa na ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani akwati da…"

"Ke!" Kawu ya daka mini tsawa. "Manya na magana."

Tunda nake da shi bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Kafin mako ya zagayo an sallame shi, ba sisin sallama, bayan duk shekarun da ya yi yana cusa hannu a audugarsu. Akwatin kuwa ba a mayar ba. Mayar da shi amsa laifi ne, tunda mai gadi zai ga an shigo da shi. Aka kulle ɗakin, ba wanda ya sake tambaya.

Na same shi a gida yana ɗaure kaya zai koma gona. Ban ko gaishe shi ba. Na ce, "Kawu, kai ka ce mini gara ba ta cin ƙarfe. Da bakinka. Me ya hana ka faɗa musu?"

Ya ci gaba da jan igiya. Ya ce, "In na ce ba ta ƙonawa, me zai tambaya?"

"Me ya ƙona."

"Daga nan fa?"

"Wa ya cire akwatin."

"To. Yarinyar nan tana cikin jego. Shekara nawa tana jiran abin da ta samu? Jaririn nan sunana aka sa masa. So kike ya girma a ce masa makon sunansa ne kakansa ya tsaya gaban mutane ya tuɓe wa ubansa riga?"

"Shi ya ji kunyarka ne? Yana zaune yana kallo aka yanka ka!"

"Kunyarsa tasa ce. Ni tawa nake riƙo."

Na ce masa wannan ba kunya ba ce, kashe kai ne. Na ce masa abubuwan da ba a faɗa wa kawu. Ya bar ni har na gaji, sannan ya sa na rantse. Na rantse ina kuka don haushi, kuma har yau haushin nan bai gama sauka ba. Ina fushi da Manaja, ina fushi da garin da ya fi son labari mai daɗi a kan tambaya, kuma ina fushi da Kawu kansa, Allah ya gafarta masa. Mutumin da ya ƙi yafe wa ƙanen ubansa tsakuwa ɗaya a cikin auduga, shi ne ya haɗiye dutse sukutum saboda suruki.

Abokin darar nan nasa ya bi shi har gona. Inna ta ba ni labari. Suna tsakiyar wasa ya ce, "Malam, ni na sayar maku da akwatin nan. In yana wurin, injin ba zai ƙone ba. Ina yake?" Kawu ya ce, "Ja dara." Ya ce, "Bari in je Kaduna in yi bayani da kaina." Kawu ya ce, "Ja dara, ko in kwashe 'ya'yana." Bai sake tayar da maganar ba, amma bai daina zuwa ba.

Sunan kuwa ya bi shi kamar jela. Ya nemi aiki a wurare, ana jin shi ne sai a ce za a neme shi. Lokacin da aka kawo kwamfutoci wata makaranta kusa da su, ya sa rigarsa mai kyau ya je ya ce zai koya wa yara kyauta. Aka ba shi kujera a baranda, aka kawo masa ruwa, aka yi ta yi masa hira har ya gane ya tashi. A wurin biki idan ya zauna kusa da rediyo, sai wani mai ban dariya ya janye ta ya ce, "A yi nesa da Malam!" A yi ta ƙyaƙyatawa, shi ma ya murmusa. Da wayar hannu ta zo, jikoki suka ɗauki wasan, suna ɓoye wayoyinsu idan ya shigo. Sai na lura ya koyi janye hannayensa cikin riga duk lokacin da ya ga wani abu mai fuskar gilashi. Mutumin da ya fi kowa son injin nan a duk ƙasar Funtua bai sake taɓa irinsa ba har ya mutu.

Kowane azumi Alhaji yakan aiko da buhun shinkafa a bayan mota, a sauke a ƙofar gida kowa na gani. Kawu bai taɓa kwance bakin buhun ba. Yakan sa a kai wa maƙwabta yadda ya zo. Mutane suka ce Alhaji akwai kyauta, Malam kuma akwai girman kai.

Yanzu in dawo gidan makoki. Da magariba, bayan maza sun ragu, takwaran Kawu ya shigo cikin gida. Shi ne jaririn nan, yanzu magidanci ne da 'ya'yansa, kuma ikon Allah, gyaran kwamfuta da waya yake yi a Funtua. Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ni ina gefenta. Ya ce, "Umma, akwai abin da ya daɗe yana damuna, yau kuma na ji an sake faɗa. Wannan sana'ata ce. Bairos yana cinye aiki, yana kulle inji, yana sa mutum kuka. Amma ko na yanzu da ƙyar ka ji wanda ya taɓa ƙarfe, balle na wancan zamani, a ce har da hayaƙi. Wannan aikin wuta ne. Na taɓa tambayar mai sunana, ya ce in je in ci abinci. Me ya ƙona injin nan?"

Na buɗe baki. Rantsuwata ta faɗi tun hantsi. Sai Yaya ta kama mini hannu ta matse. Ta ce, "Bari. Ba ke za ki faɗa ba." Ban taɓa sanin ta san akwai abin faɗa ba.

Ranar sadakar uku, da sassafe, aka nemi Yaya aka rasa. An cika zaure har waje, liman na shirin buɗe addu'a, Alhaji na kan dardumarsa, sai ga ta ta sauko daga a-daidaita-sahu. Mace mai jikoki, ɗauke da wani abu a ka naɗe da zane, wuyanta na rawa don nauyi. Ba ta bi ta ƙofar mata ba. Ta ratsa maza, ta sauke shi a gaban mijinta, ta yaye zanen. Ya yi tsatsa, gefe ɗaya ya lotsa, amma farin fentin yana nan.

Ta ce, "Alhaji, aron kwana biyu ne aka ce. Firji uku na canza a kansa. Kullum na sunkuya shara sai na ga rubutun ubana. Shi ya yi shiru don kada gidana ya mutu, ni na yi shiru don kada shirunsa ya tashi a banza. Ga shi nan. Ka ce ka yafe masa, to faɗa wa mutanen nan abin da ka yafe."

Tsohon nan mai "Ƙona-Inji" ya sunkuyar da kai yana tsintar zaren tabarma. Alhaji ya shiga juya zoben hannunsa. Daga gindin ɗorawa abokin dara ya taso, ya dafa ɗansa, ya zo ya leƙa ya ce, "Shi ne. Ni na sayar."

Takwara ya durƙusa ya goge ƙurar da hannun rigarsa. Ya karanta a fili, a hankali, yadda na bayan zaure ma suka ji: "Kada a cire." Ya ɗago ya dubi ubansa, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya juyo wurina, idonsa jawur, ya ce, "Wa ya cire?"

Duk zauren wuri ɗaya yake kallo, inda Alhaji ke zaune.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya tarar da sunansa a can tsaf yadda uwarsa ta ba shi. Allah ya ba Inna da Yaya haƙurin rashinsa. Wanda ya zo da addu'a, mun gode, Allah ya ba da lada. Yafiyar da aka kawo a mota kuwa, an ɗora ta a kan akwatin an mayar wa mai ita, bakinta a ɗaure yadda ta zo.